Simintin da Ya Bushe a Kabarin Afiniki

Ni, Habila Auta Degubi, likitan dabbobi mai ritaya, dattijo a ikkilisiyarmu ta Yindiski a cikin garin Potiskum, na rubuta wannan da hannuna yau Asabar, 11 ga Oktoba, 2025, zuwa gare ku 'ya'yana biyu da suka rage, Barnaba da Rahila. Ina cikin hankalina, babu wanda ya tilasta ni, babu kuma wanda ya san ina rubutawa sai mahaifiyarku. Likitan zuciya da na gani a Gombe bai ɓoye mini komai ba, ko da ya so ɓoyewa ma, na iya karanta takardar gwaji. Na ce ina cikin hankalina, kuma haka ne a ma'anar da alƙali zai nema. Sai dai za ku tarar da wurare a takardar nan inda na fara magana na kasa ƙarasa ta. Kada ku ɗora wa ciwo laifin wannan.

Ƙanwarku Afiniki ta rasu ranar Talata, 23 ga Mayu, 2023, bayan la'asar, tana da shekara ashirin da biyu. Zan faɗi yadda abin ya kasance daga farko, domin kowannenku ya riƙe rabin labarin yana yaƙar ɗan'uwansa da shi.

A watan Maris na wannan shekara, cikin tsananin zafi, sanƙarau ya kama ta. A makon ne kuma ya kama Ummul-Khair, 'yar maƙwabcinmu Baba Modu dillalin shanu, ƙawarta tun suna wasan ƙasa. Ɗaki ɗaya aka kwantar da su, gado na kallon gado. Matan Zumunta na ikkilisiyarmu suka yi azumi saboda Afiniki. A masallacin ƙofar gidan Modu kuwa, kowace salla sai an roƙa wa Ummul-Khair sauƙi. Ummul-Khair ta rasu. Afiniki ta tashi, ba abin da ciwon ya bar mata sai ɗan toshewar kunnen hagu.

Ranar Lahadi, 21 ga Mayu, muka yi sujadar godiya yadda aka saba. Muka taka daga ƙofar majami'a zuwa gaban bagade, Afiniki a tsakiya, mata suna guɗa, ana jan ragon baiko a bayanmu. Aka miƙo mini abin magana, na tsaya na shaida wa jama'a cewa Ubangiji ya ji kukanmu, ya fizgo 'yata daga bakin kabari. Lasifikar majami'armu tana kaiwa har layinmu, kun sani. Da rana aka yi dafuwa a gida. Babbar tukunyar da aka dafa shinkafar ta Hadizatu ce, matar Modu, kuma a cikinta aka dafa abincin sadakar arba'in ɗin Ummul-Khair a farkon watan. Modu ya zo har ƙofar gida ya yi mini barka da arziki, ya ci abinci.

Ranar Talata Afiniki ta wanke tukunyar ta ɗora a kai za ta mayar. Hadarin farko na damina ya taso daga gabas da iska mai ƙarfi. Ta kai ƙofar gidan Modu, reshen bishiyar maina, wato dogon yaro, da ke wurin ya karye ya faɗo mata. Modu da kansa ya ɗaga reshen. Ta cika kafin a kai asibiti. Ruwan bai ma sauka ba a ranar, iska ce kawai ta yi ta wuce.

Wannan shi ne abin da ya faru. Ga abin da nake so a yi.

1. Gidan nan na mahaifiyarku ne muddin tana raye. Bayanta naku ne ku biyu, ba a raba shi da katanga, ba a sayar da shi sai da yardar kowannenku. Ɗakin Afiniki yana hannun mahaifiyarku. Ranar da ta ga dama ta buɗe, ranar da ba ta ga dama ba kada wanda ya ce mata lokaci ya yi. Babu mai bina kuɗi, ni ma ba na bin kowa.

2. Gonar Degubi ta ci gaba da zama a hannun ƙanwata, Gogonku Delu, ita da 'ya'yanta, su noma su ci. Ita ta musulunta, ni na bi Almasihu, mahaifinmu kuwa ya mutu a kan al'adar kakanninsa, bai shiga masallaci ba bai shiga majami'a ba. A bakin kabarinsa ta ɗaga hannuwanta, ni na sunkuyar da kaina. Shekara da shekaru ina da amsa a kan inda yake yanzu, amsar da aka koya mini, ina kuma faɗinta ba tare da murya ta yi rawa ba. Yanzu idan aka tambaye ni sai in yi shiru. Shi ne mutumin da ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe ya kai ni makarantar mishan.

3. Littattafan tauhidi da na sharhi, Barnaba, naka ne, za su yi maka amfani a aikin fasto. Littattafan aikina da akwatin kayan aiki na Rahila ne. Na san ke mutane kike jinya ba shanu ba, amma ke kaɗai ce a gidan nan kika taɓa buɗe su don sha'awa.

A nan zan ɗan tsaya, domin daga cikin wannan akwati tambayata ta fara, tun kafin rasuwar Afiniki, ni ne dai ban kula ta ba. Na yi rayuwata a kara, kasuwar dabbobi, ina duba shanu. Na ga saniyar da ɗan maraƙi ya gicce a cikinta tana nishi tun safe har rana ta faɗi. Na ga bijimin da ya karye a bayan tirela, ƙashi a waje, idonsa na bin duk wanda ya gifta. An koya mana cewa wahala tana gyara mutum, tana koya masa haƙuri, tana jawo shi kusa da Allah. To saniyar fa? Wane hali za a gyara mata? Wane zunubi ta gada? A irin wannan hali abin da nakan ce shi ne a kawo wuƙa, kada a bar ta ta kwana a haka. Ni da nake mutum mai rauni, ban taɓa tsayawa ina kallon dabba tana shan azaba ba alhali ina da ikon tsayar da abin. Sau da yawa na so in ƙarasa wannan tunani, sai in ga inda zai kai ni, in ja da baya. Wani lokaci kuma sai in tuna cewa bijimin da nake yi wa allura shi ma bai san dalilin da ya sa aka kayar da shi aka ɗaure ba, a wurinsa ni mugu ne. Wannan yakan kwantar mini da hankali na ɗan lokaci. Daga baya sai in tuna cewa bijimin yakan tashi ya koma garke.

4. Tukunyar Hadizatu tana nan a ɗakin ajiya, bayan buhunan gero. Wani ya tsince ta a ranar ya kawo gidanmu cikin ruɗu. Gefenta ɗaya ya lotse. Hadizatu ba ta taɓa tambaya ba, mu ma ba mu iya mayarwa ba. Na sha ɗaga buhun in dube ta in mayar da buhun. Ku kai ta wurin maƙeri ya buga lotsewar, sannan ku mayar mata. Kada ku aiki kowa, kada kuma ku saya mata sabuwa a madadinta. Kunne biyu gare ta, ku biyu ne.

5. Bayan rasuwar na zauna da Modu a kan tabarmarsa, na tambaye shi ko yakan tambayi Allah dalili. Ya ce mini, Dokta, bawa ba ya tuhumar Ubangijinsa, wa'adi ne ya cika, na tawa 'yar da na taka. Ya faɗa da natsuwar da na yi masa kishinta. Amma kafin makon ya ƙare ya kira masu gatari suka sare mainar nan har ƙasa, bishiyar da mahaifinsa ya dasa, inda yake cinikin shanunsa yake karɓar baƙinsa. Yanzu a rana yake zama, da ɗan buhu da ya ɗaura a kan sanduna. Mutumin da ba ya tuhuma, me ya kai shi sare bishiya? Ban tambaye shi ba. Na raini 'ya'yan maina guda biyu a bayan gida, sun isa dashe. Idan damina ta kama ku roƙe shi ya bari a dasa masa. In ya ƙi, kada ku matsa.

Akwai abin da yake damuna game da shi wanda ban san sunan da zan ba shi ba. Ranar da na tsaya na ce Ubangiji ya ji kukanmu, Modu yana jina ta lasifika. Idan an ji nawa kukan, nasa fa? Na san amsar da za ka ba ni, Barnaba, domin ni na koya maka ita. Amma na san Ummul-Khair. Ita ce ta riƙa miƙo hannu daga gadonta tana gyara wa Afiniki zane lokacin da zazzaɓi ya rufe ta. Kuma akwai abin da Rahila ta faɗa wanda ban iya ƙaryatawa ba: Afiniki ta riga ƙawarta zuwa asibiti ne domin ubanta ya san sanƙarewar wuya idan ya gani, ba don komai ba. Idan allura ce ta tashe ta, wa na yi wa godiya da rago? Idan kuwa Shi ne ya tashe ta, kamar yadda na gaskata a ranar da dukan zuciyata, to don me? Don ta wanke tukunya? Na juya wannan ta kowace fuska. Idan na ce hannunsa ne a asibiti, dole in ce hannunsa ne a kan reshen. Idan na cire hannunsa daga reshen, sai in ga na cire shi daga asibitin ma, daga nan kuma ban san inda ya rage masa ba. Duk da haka ba zan ce muku na yi nadamar godiyar ba. Na ga fuskarta a ranar tana rawa a gaban jama'a. Watanni biyun nan da aka ƙara mana, wani ne ya ba mu su ko ba wanda ya ba mu, ni dai na karɓa, kuma da za a sake miƙo mini su da sharaɗin ƙarshensu, da na sake karɓa.

6. Game da jana'izata. A binne ni kusa da Afiniki, na riga na yi magana da dattawa an bar mini wurin. Kada a yi ashobi, wato anko, kada a buga hotona a riga. Matan Zumunta su yi waƙa yadda suke so, saboda mahaifiyarku.

Abu ɗaya na hana. Ranar da aka binne Afiniki ban yi kuka ba, na tsaya na gode wa kowa da sunansa. Tun daga ranar ake ba da misali da ni a wa'azi, ana cewa a dubi bangaskiyar Baba Dokta. Har wata mata da ta rasa ɗanta an kawo mini ita don ta koyi haƙuri a wurina. Kada wanda ya faɗi wannan a kan gawata. Abin da suka gani ba bangaskiya ba ce, ko kuma ban sani ba ko ita ce. Tarbiyya ce ta mutumin da aka koya wa kada hannunsa ya yi rawa yana riƙe da allura. Har yau ni nake zagayawa da tiren jibin Ubangiji, ina miƙa wa kowa ƙoƙonsa, ni ma ina sha. Na yi niyyar gaya wa faston majami'armu ya ba wani, na je har ƙofar ofishinsa, muka yi hirar rufin majami'a na dawo. Ban san ko munafunci nake yi ba ko kuwa wannan ne kaɗai abin da ya rage mini na bi. Mahaifiyarku ta ce mini, Baban Barnaba, ba sai ka gane ba kafin ka durƙusa. Nakan durƙusa tare da ita kowace safiya. Ita ke yin addu'ar. Amma na lura, ko ita, da zarar hadari ya haɗu sai ta shige ɗaki ta rufe taga, ba ta fitowa sai iska ta kwanta.

Masu ta'aziyya sun yi ta tuna mini da mutumin nan na cikin Littafi da ya rasa 'ya'yansa duka a iska, daga baya aka ba shi wasu. Na karanta labarin fiye da yadda zan iya tunawa. Ba a mayar masa da waɗanda suka mutu ba, wasu aka ba shi. Duk uban da ya binne ɗa ya san bambancin. Abin da ya fi riƙe ni shi ne gicciye: cewa Allah ma ya ga mutuwar Ɗansa. Wasu ranaku wannan yakan ishe ni, har in ji kamar akwai wanda ke zaune kusa da ni a kan benci. Wasu ranaku kuma sai wata murya ta ce mini, ai Shi ya san Lahadin tashi daga matattu na zuwa. Ni ma an gaya mini tana zuwa, na koyar da tashin matattu a makarantar Lahadi tun kafin a haife ku. Ban daina gaskatawa ba. Ban kuma iya cewa na gaskata yadda nake cewa a da ba. Na soke wannan sakin layi na sake rubutawa, bai fi haka fitowa ba.

7. Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami.

Kun san al'adarmu: idan kabari ya shekara ƙasa ta zauna, sai a yi masa siminti, uba ko babban gida ya rubuta suna da aya da ƙusa tun simintin yana ɗanye. Mun taru a kabarin Afiniki a watan Mayun bara. Magini ya shafe, ya miƙo mini ƙusa. Na rubuta sunanta, na rubuta ranar haihuwa da ranar rasuwa. Saura aya.

Kai Barnaba ka matso ka ce in sa ayar da ke nuna duk abin da ya sami mai bi, ƙarshensa alheri ne. Ke Rahila kika ce kafin a rubuta wannan a kan ƙanwarki, sai an nuna miki alherin da ke cikin reshen maina. Ka ce mata Shaiɗan ne ke magana da bakinta. Ta ce maka ka mai da gawar ƙanwarka abin wa'azi, ko kwana bakwai ba a yi ba ka hau bagade da ita. Ka ce gara kai, ita da ta daina zuwa sujada ba ta da bakin magana a maƙabartar masu bi. Duk wannan a gaban mahaifiyarku. Magini yana ta yayyafa ruwa don simintin ya jira mu. Kuka juyo kuna kallona, kowa yana jiran in tsaya a bayansa. Ni kuwa ina durƙushe da ƙusa a hannu, ayoyin da na haddace tun ina yaro suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, ban sami wadda zan iya sa hannuna a ƙarƙashinta ba, ban kuma sami ƙarfin cewa babu ba. Rahila ta tafi tasha. Barnaba ya shiga mota. Simintin ya bushe. Tun ranar ba ku gaisa ba.

Kowannenku ya ɗauka shiruna hukunci ne a kansa. Ba haka ba ne. Barnaba, ba na ganin ka da rashin tausayi. Na ga yadda ka riƙe akwatin gawarta, na san ayar nan ita ce igiyar da ka kama don kada ka nutse. Amma ka janye kalmar Shaiɗan da ka jefi 'yar'uwarka da ita. Tambayar da ta yi da ƙarfi ita ce wadda ubanka yake yi a ɓoye, in za ka kore ta daga maƙabartar masu bi, sai ka haɗa da ni. Rahila, ke ce kika kwana a kan kujera kusa da Afiniki har ta warke, na san abin da aka ƙwace miki. Ba zan umarce ki ki koma sujada ba, ina so ki koma, amma ban san da wane baki zan umarce ki ba. Sai dai kada ki raina abin da yayanki ya riƙe. Ba ki da tabbacin cewa babu kowa a can, kamar yadda ni ma na rasa tabbacin da nake da shi. Kuma 'ya'yansa suna tambayar ina Anti Rahila.

Ga abin da za ku yi. Idan kabarina ya shekara kuka zo yi masa siminti, ku sa magini ya kwaɓa da ɗan yawa, ya sake shafe ƙasan na Afiniki inda aka bari fili. Ƙusar tana aljihun baƙar kwat ɗina, kada a binne ni da ita. In kun sami kalmar da ku biyu za ku iya tsayawa a kanta, aya ce ko ba aya ba, ku rubuta mata, ku rubuta mini irinta. In ba ku samu ba, kada ɗaya ya rinjayi ɗaya, ku bar shi fili. Amma ku tsaya a wurin tare har ya bushe. Kada wanda ya riga ɗan'uwansa fita daga maƙabarta.

Ubangiji ya sa muku albarka, ku da 'ya'yanku da waɗanda za a haifa. Na rubuta wannan addu'a ina nufinta, ko da ban san yadda ake amsa addu'a ba. Ya tsare ku daga binne ɗa. Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙa zuwa mata a tare, kada ta riƙa dafa wa ɗaya yau ta ɓoye wa ɗaya gobe. Ku gai da Baba Modu kamar uba. Ku uku na haifa, ku biyu kuka rage, kada ku mai da kanku ɗaya da ɗaya.

Abin da na bari ban yi ba shi ne wannan: ban mayar da tukunya ba, ban dasa wa Modu bishiya ba, ban sulhunta ku ba, kuma ban sami abin da zan rubuta a kabarin 'yata ba.

Mahaifinku,
Habila Auta Degubi